Ko Ka Sani? Ɓaunar Ƙetaren Bagudo Ba Irin Ta Talabijin Ba Ce

Idan mutum ya bar Bagudo ya bi ta Tsamiya ya ƙetare iyaka, garin Segbana zai tarar, a jihar Alibori ta Jamhuriyar Benin. A arewacin wannan jihar ne gandun dajin W yake, wanda aka kafa a 1954, aka kuma raɗa masa sunan saboda yadda kogin Kwara ya yi lanƙwasa a wurin kafin ya gangaro Lolo da Illo. Wannan daji, haɗe da na Arli a Burkina Faso da na Panjari a Benin, shi ne mafaka mafi girma da ta rage wa ɓauna a Afirka ta Yamma.

Sai dai ba ita ce baƙar ƙatuwar nan da ake nuna mana tana artabu da zaki a Kenya ko Afirka ta Kudu ba. Waccan namijinta kan kai kilo 800, ƙahonninsa sun haɗe a goshi sun zama garkuwa. Tamu ba ta kai ta jiki ba, ƙahonta gajere ne, kuma a garke ɗaya za ka ga ja, ka ga mai ruwan ƙasa, ka ga tsohon namiji da ya rine ya yi baƙi.

Wannan bambancin kala ya daɗe yana rikita masana. A da, duk wanda ya harbo wata mai ƙaho daban sai ya laƙaba mata sabon suna, har sunaye suka yi yawa. Daga baya aka tsaya a kan jinsi ɗaya mai rassa huɗu. A 2011 Colin Groves da Peter Grubb suka ce a'a, ta Yamma jinsi ce mai zaman kanta. A 2013 kuma wani bincike da Nathalie Smitz ta jagoranta ya duba ƙwayoyin gado da ake ɗauka ta wajen uwa, daga ɓakane sama da 700 na sassan nahiyar. Abin da ya fito shi ne gida biyu: na gabas da kudu a gefe guda, na yamma da tsakiya a ɗaya gefen, kuma sun rabu aƙalla shekaru 145,000 da suka wuce. Wato ɓaunar dajin W ta fi kusa da 'yar ƙaramar jar ɓaunar kurmin Kwango, wadda da ƙyar take wuce kilo 300, a kan baƙar Kenya. Da ido kaɗai ba wanda zai yarda.

Da saniya kuwa dangantakar ta yi nisa. Saniya tana da ƙullin gado, wato kuromosom, 60, ɓaunar kudu 52, ta kurmi 54. Ba a samun ɗa tsakanin sa da ɓauna.

To mene ne amfanin wannan lissafin dangi? A 2019 ƙungiyar IUCN ta sa ɓaunar Afirka a sahun dabbobin da suka kusa shiga haɗari, amma hukunci ne na jimla. Yawan da ke kudu da gabas ya lulluɓe ƙarancin da ke yamma. A ganina nan ne kuskuren yake, domin idan ta W ta ƙare, ba a iya lodo wasu daga Afirka ta Kudu a ce an mayar da gurbi. Wani gida ne daban za a kawo.

Abin da ke cin ta ba ɓoyayye ba ne. Gonakin auduga na Banikoara da Kandi sun matso har bakin daji. Makiyaya na neman ciyawa da ruwa da rani, kuma inda garke ya sha nan ɓauna take sha, don ita ma ba ta jure ƙishi. A mashaya ɗaya ake musayar cuta: ita tana ɗauke da ciwon baki da kofato ba tare da ya kayar da ita ba, shanu kuma suna iya shafa mata tarin fuka. Cutar bushiya, wadda ta karkashe dukiyar Fulani a wajen 1890, ba ta bar ɓauna ba, sai a 2011 aka bayyana kawar da cutar daga duniya.

Yanzu kuma ga bindiga. Ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da Panjari a 2017, shekarar da UNESCO ta sa dazuzzukan uku cikin kayan gadon duniya, sannan ƙungiyar ta karɓi ɓangaren W na Benin a 2020. A watan Fabrairun 2022 'yan ta'adda suka yi wa masu gadin dajin W kwanton ɓauna da nakiyoyi, suka kashe da dama, har da wani Bafaranshe mai horar da su. Inda mai gadi ya ja baya, mafarauci da mai sarar itace ke shiga. A ɓangarenmu ma, yankin Borgu na gandun dajin Kainji, inda ragowar ɓaunar wannan shiyya ta Nijeriya take, yana fama da 'yan bindigar da suka mayar da shi maɓoya.