Ɗaukar Hoto a Sarkin Dawaki: Ciniki, Bashi da Doka

A unguwar Sarkin Dawaki da ke Jalingo, wayar salula ta ƙwace wa mai ɗaukar hoto ƙananan ayyuka. Abin da ya rage masa shi ne kamu, walimar sauka da taron siyasa. Tallansa kuwa aikinsa ne: hoton amarya da ya isa WhatsApp kafin baƙi su watse shi ke janyo ciniki na gaba. Wanda bai karɓi kafin alƙalami ba, musamman a wajen 'yan siyasa, zai daɗe yana bin bashi.

Ma'aikacin tarayya mai sha'awar harkar ya lura: Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana shi gudanar da kasuwanci, ban da noma. Sai dai ya saya wa ƙaninsa kyamarar, ƙanin ya yi rajista a CAC da sunansa.