Ƙura a Bakin Allura: Yadda Ake Kula da Garmaho da Fayafayansa

Duk mai garmaho ya san wannan matsala. Faifai na cikin juyawa, kalangu na tashi tangaran, can sai muryar mawaƙi ta dusashe, kiɗa ya cakuɗe, wani lokaci ma allura ta zame ta tsallake baiti guda. A nan mutane da yawa ke yanke hukunci cewa faifan ya mutu, ko injin ya tsufa. Alhali da za a ɗaga hannun garmahon a duba da kyau, sau da yawa ɗan curin ƙura ne da zare-zare suka naɗe bakin allurar.

Ina da akwati guda na fayafayan da mahaifina ya bari, akasarinsu na Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, wasu da tambarin kamfanin EMI. Hidimarsu ce ta koya mini cewa ƙurar da ake gani a bakin allura daga jikin faifai take fitowa, kuma can ya kamata a tare ta.

A kowace fuska ta faifai layi ɗaya ne tak, kaurinsa kusan na silin gashi, ya nannaɗe daga baki har tsakiya. A babban faifai mai juyi 33 da sulusi a minti, irin wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a Amurka a 1948, tsawon layin nan yakan kai mita 400. Sautin yana sassaƙe ne a bangon layin. Allura na bi tana karkarwa, injin kuma yana mayar da karkarwar murya. Duk abin da ke kwance cikin layin, allurar ce ke kwaso shi a wannan doguwar tafiya. Idan ya taru ya yi curi, sai ya ɗage ta daga inda ya kamata ta zauna, ta daina taɓa bangon yadda ya dace.

Mu nan ƙasar Hausa matsalar ƙura tana da tsanani ƙwarai. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, ta shigo da ita har ƙuryar ɗaki. Ga kuma bushewar iska. Irin tartsatsin nan da mutum ke ji idan ya tuɓe rigar sanyi da dare, shi ne ke taruwa a jikin faifai, domin da roba aka yi shi. Da ka zaro shi daga kwalinsa sai ya riƙa jawo ƙura da kansa.

Ɓarnar ba ta tsaya ga dusashewar murya ba. Nauyin da allura ke ɗora wa faifai bai cika wuce giram 2 ba, amma bakinta ya yi ƙanƙantar da ido ba ya iya tantance shi, don haka matsin da ke wurin babba ne. Ƙurar hunturu kuwa akwai ɓarɓashin yashi a cikinta. Idan ya shiga tsakanin allura da bangon layi, aikin dutsen wasa wuƙa yake yi: yana cin allura, yana cin faifai. Tsohon garmaho mai wani da hannu allurarsa ta ƙarfe ce, ana jefar da ita bayan fuska ɗaya ko biyu. Ta yanzu ƙwayar lu'ulu'u ce a bakinta, tana iya aikin awa 500 zuwa 1,000 idan ana tsabtace ta. Allura dai ana sayen wata. Layin da ya goge kuwa ya tafi ke nan.

Ga yadda nake yi. Na farko, in rage ƙara gaba ɗaya, in ɗaure hannun garmahon a mazauninsa. Sai in ɗauki ɗan ƙaramin burushi mai laushi; idan babu wanda aka yi don allura, sabon burushin masu zane ya wadatar. A hankali nake sharewa, daga baya zuwa gaba, wato yadda faifai ke wucewa ƙarƙashinta, sau biyu ko uku. Kada a share daga gefe zuwa gefe, ko daga gaba zuwa baya, domin ɗan tsinken da ke riƙe da lu'ulu'un siriri ne ƙwarai, nan da nan yake lanƙwashewa. Kada a sa yatsa, saboda maiƙon hannu shi ke ƙara liƙe ƙura. Kada a hura da baki. Fetur da kananzir kam kada ma su kusanci wurin, sifirit kuma yana iya narkar da gam ɗin da ya riƙe lu'ulu'un. Kyamarar waya, idan aka jawo hoton kusa, takan nuna ko ƙurar ta fita.

Amma babban aikin yana kan faifai. Kafin kowane sauraro, a goge shi da burushi mai laushi yana juyawa. Wanda ya daɗe a ajiye sai an wanke shi: tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batirin mota, marar asid, da ɗigon sabulun ruwa guda. A bi layi a zagaye da ƙyalle mai laushi marar zubar da zare, a kiyaye takardar tsakiya, a ɗauraye, a jingine a inuwa har ya bushe sarai. Tsofaffin fayafayai masu nauyi, masu juyi 78, kada sifirit ya taɓa su ko kaɗan, narkar da su yake yi. Bayan an gama, kowane faifai ya koma kwalinsa, a jera su a tsaye nesa da rana, a rufe garmahon da murfinsa ko da mayafi.

Kada wani ya ɗauka wannan wahalar banza ce a kan kayan da zamani ya wuce. A 2022 an sayar da fayafayan garmaho a Amurka fiye da CD, karo na farko tun 1987. Mu kuwa dalilinmu ya fi nasu ƙarfi. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, kuma fayafayansu na asali kullum raguwa suke yi. Idan akwai irin wannan akwati a gidanku, a ƙarƙashin gado ko a saman kabad, ku fito da shi ku duba. Kada ku ɗora allura a kan ko ɗaya sai kun wanke shi, kuma kada ku bar allurar ta kwana da ƙura a bakinta.