Tsutsar Ciki da Rajistar Aji: Abin da Aka Gano a Makarantun Firamare na Busia

A duk lokacin da sakamakon jarrabawa ya fito da muni a wata makarantar firamare ta gwamnati, ba a ɓata lokaci wajen neman wanda za a ɗora wa laifi. Iyaye su ce malamai ba sa shiga aji, malamai su ce babu littattafai babu benci, hedimasta kuwa ya nuna rufin da iska ta yaye tun damina biyu da suka wuce. Kowannensu yana da gaskiyarsa. To amma akwai wani mai laifin da ba a cika kiran sunansa a taron iyaye da malamai ba, watau tsutsar da ke kwance a cikin hanjin ɗalibi. An auna ɓarnar wannan halitta ne a gundumar Busia da ke yammacin Kenya, a kan iyaka da Uganda, inda ƙasa ta gangara zuwa Tafkin Biktoriya.

Busia yanki ne na ƙananan manoma, mafi yawansu Luhya da Teso. A tsakiyar shekarun 1990 wata ƙungiyar agaji ta ƙasar Holan mai suna ICS ta shiga taimaka wa makarantun gwamnati na wurin. Da yake kuɗinta ba zai isa dukan makarantu a lokaci guda ba, sai wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Michael Kremer, ya ga dama ta samu. Idan aka bai wa wasu makarantu taimako bana, wasu kuma suka jira, ana iya kwatanta su a ga abin da taimakon ya haifar, kamar yadda ake yi a gonar gwaji in aka zuba wa fage ɗaya taki aka bar ɗaya.

Da littattafai aka fara, a 1996, inda makarantu 25 daga cikin 100 suka samu. Kowa ya ɗauka maki zai tashi. Da aka yi jarrabawa sai aka ga matsakaicin makin bai motsa ba, in ban da na yaran da tun asali su ne kan gaba a aji. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne: littattafan da Turanci aka rubuta su, alhali Turanci harshe na uku ne ga yawancin yaran, bayan harshen gida da Swahili. Wanda bai iya karanta littafi ba, ko an ɗora masa goma a gabansa sai dai ya kalli hotuna. Bayan haka aka gwada manyan takardun zane na koyarwa da ake ratayawa a bango, su ma ba su tsinana kome ba.

Mazauna cikin hanji

Kafin a zo kan gwaji na gaba, ya kamata mai karatu ya san halittun da ake magana a kansu. Guda huɗu ne suka addabi yaran Busia. Ta farko ita ce macijin ciki, wadda masana ke kira Ascaris lumbricoides. Tamatar takan kai tsawon santimita 35, kuma tana zuba ƙwai wajen 200,000 a rana ɗaya. Ƙwan yana fita tare da bayan gida, ya nuna a cikin ƙasa mai laima a cikin makonni biyu zuwa uku, yana kuma iya yin shekaru a nan yana jiran hannun yaron da bai wanke ba. In an haɗiye shi sai ya ƙyanƙyashe a hanji, 'yar tsutsar ta huda bangon hanjin ta bi jini zuwa hanta da huhu, ta hauro maƙogwaro, a sake haɗiye ta, sannan ta zauna ta girma tana raba abinci da mai ita. Ta biyu ita ce tsutsa mai kama da bulala, Trichuris trichiura, wadda ke cusa siririn kanta a bangon babban hanji, in ta yi yawa ta jawo atini.

Ta uku, tsutsa mai ƙugiya, ita ce ta fi shafar aikin malami. Ba ta jira a haɗiye ta, ta fatar ƙafar da ba takalmi take shiga. In ta isa ƙaramin hanji sai ta kama bangonsa da bakinta tana tsotsar jini. Irin da ake kira Necator americanus yana jawo asarar kimanin mililita 0.03 na jini a rana, ɗaya irin kuwa, Ancylostoma duodenale, ya ninka haka wajen sau biyar. Lissafin kamar ba shi da yawa, amma a ɗauka yaro yana ɗauke da guda 300 na irin farko. Ke nan mililita 9 a kullum, kusan ƙaramin cokali biyu, daga jikin da duka jininsa bai wuce lita biyu ba in nauyinsa kilo 25 ne. Tare da jinin nan sinadarin ƙarfe ke zurarewa, shi ne kuwa jiki ke gina himogulobin da shi, watau jan sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin zuwa sassan jiki. Ƙwaƙwalwar babban mutum tana cin kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki ke kashewa a lokacin hutu, ta ƙaramin yaro kuwa takan ci kusan rabi. Saboda haka yaron da ke gyangyaɗi a bayan aji da ƙarfe goma na safe, ga farin ido ga farin tafin hannu, ba lalle ba ne bulala ce maganinsa.

Ta huɗu ita ce tsutsar tsargiya, wadda ke zaune a jijiyoyin jini. Ƙwanta yana ƙyanƙyashewa a ruwa, 'ya'yan su shiga jikin katantanwa su hayayyafa, su fito dubbai, su huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko kamun kifi ko ɗiban ruwa. Irin da ke Tafkin Biktoriya shi ne Schistosoma mansoni, wanda ƙwansa ke maƙalewa a hanji da hanta.

Abu ɗaya ya haɗa su duka, kuma shi ne mabuɗin fahimtar abin da ya biyo baya. Waɗannan tsutsotsi ba sa ƙara yawa a cikin jikin mutum yadda ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro ke yi. Kowace tsutsa da ke cikin yaro daga waje ta shigo. Don haka yawan tsutsar da ke cikinsa ya dogara ne ga yawan ƙwan da maƙwabtansa ke zubarwa a ƙasa da ruwa.

Makarantu 75

A 1998 Kremer da abokin aikinsa Edward Miguel, tare da ICS da jami'an lafiya na gundumar, suka ɗauki makarantu 75 masu ɗalibai kimanin 30,000 suka kasa su uku. Kashi na farko ya fara samun magani a 1998, na biyu a 1999, na uku a 2001. Da aka duba bayan gidan yara a ƙarƙashin madubin likita kafin a fara, sai aka tarar kashi 92 cikin 100 suna ɗauke da aƙalla iri ɗaya, kashi 37 kuma cutar ta yi musu nauyi. Maganin ba wani mai tsada ba ne: ƙwayar albendazol sau biyu a shekara saboda tsutsotsin hanji, da farazikwantel sau ɗaya a shekara a makarantun da tsargiya ta yi yawa. Dabarar da ta fi burgewa ita ce ta ƙidaya. Ba a dogara da rajistar makaranta ba, sai aka riƙa aika ma'aikata ba tare da sanarwa ba su kira suna su ga wanda ke nan. Duk malamin da ya taɓa cika rajistar mako guda a ranar Jumma'a ya san hikimar haka.

Bayan shekara ɗaya, yaran da cuta ta yi wa nauyi sun kasance kashi 27 cikin 100 a makarantun da aka ba magani, kashi 52 a waɗanda ke jira. Fashin makaranta ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, kuma an fi ganin haka a ƙananan azuzuwa. Wani abin mamaki shi ne yaran da ba su sha maganin ba su ma sun amfana, har da na makarantun da ke kusa, waɗanda ba su wuce kilomita 3 ba. Mai nazarin halittu ba zai yi mamaki ba, domin in aka kashe tsutsar da ke zuba ƙwai 200,000 a rana, an rage wa dukan unguwa kaya. Masu binciken sun lissafa cewa in gwamnati ce za ta yi aikin, kuɗin yaro guda a shekara bai kai rabin dalar Amurka ba.

Sai dai fa makin jarrabawa bai tashi ba. Wannan shi ne sashen da masu tallar shirin ke wucewa da sauri, alhali shi ne ya fi kamata malamai su tsaya a kai. Magani ya dawo da yaro kan benci, amma ajin da ya dawo ɗin shi ne dai ajin jiya, mai cunkoso, mai littafin da ba ya iya karantawa, ga manhaja da ke gudu gwargwadon saurin 'yan gaba. Zuwa makaranta daban, koyo daban. An kuma lura cewa rashin jini mai tsanani bai yawaita a Busia ba, don haka mai yiwuwa ciwon ciki da kasala ne suka fi hana yaran zuwa. Wa'azin tsabta da aka haɗa da maganin, na wanke hannu da sa takalmi da guje wa tafki, bai canza halin kowa ba. Ba abin zargi ba ne, tun da wanda ba shi da takalmi ba zai sa ba, wanda kuma tafki ne rijiyarsa ba zai bar shi ba. A 2001 aka gwada karɓar ɗan kuɗi, wajen santi 30, daga iyaye a wasu makarantu, nan take masu shan maganin suka faɗo daga kashi 75 zuwa 19.

An buga sakamakon a 2004, ya kuma yi tasiri ƙwarai. Kenya ta fara shirin ba da maganin tsutsa a makarantunta na ƙasa baki ɗaya a 2009, Indiya ta ware rana ta musamman domin haka a 2015. Kremer yana cikin mutum uku da suka sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, tare da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, saboda irin waɗannan gwaje-gwaje.

Amma ba a rabu lafiya ba. A 2015 wasu masana cututtuka na Landan suka sake bin alƙaluman, suka gano kurakurai a lissafin kwamfuta, har amfanin da aka ce ya kai makarantun da ke nisan kilomita 3 zuwa 6 ya ɓace. Sun kuma nuna cewa ba da ƙuri'a aka kasa makarantun ba, jerin sunaye aka bi. A shekarar ne kuma ƙungiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwajen magunguna, ta ce bai wa dukan yara magani ba ya nuna wani canji a zo a gani a matsakaicin nauyi ko jini ko basira. Miguel da Kremer suka amince da kurakuran, suka tsaya a kan cewa raguwar fashi tana nan. Ilmin halittu yana da abin cewa a wannan gardama. Tsutsa ba ta rabuwa daidai a tsakanin mutane, galibi 'yan kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawanta. In yara biyar cikin hamsin suka warke sarai, sauran kuma da ma ba su da wata damuwa, matsakaicin aji zai nuna ɗan motsi kawai, ko da yake rayuwar biyar ɗin ta sake. Matsakaici yana da amfani, amma ya iya ɓoye mutum.

An ci gaba da bin sawun yaran har suka girma. Rahoton 2016 ya nuna cewa 'yan matan da suka sami ƙarin shekaru biyu ko uku na magani sun fi takwarorinsu shiga sakandare da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Na 2021 kuwa, bayan shekaru ashirin, ya nuna abin da suke samu a awa ɗaya ta aiki ya fi da kashi 13 cikin 100. Har yanzu wasu masana suna tambayar yadda ƙwayar da ba ta ɗaga maki ba za ta ɗaga albashi, tambaya ce kuwa mai ma'ana. Amma an taɓa ganin makamancin haka a kudancin Amurka, inda hukumar Rockefeller ta yaƙi tsutsa mai ƙugiya daga 1909 zuwa 1914, a lokacin da kusan kashi 40 cikin 100 na yaran makaranta ke ɗauke da ita. Binciken da Hoyt Bleakley ya buga a 2007 ya nuna zuwa makaranta da iya karatu sun ƙaru a yankunan da cutar ta fi yawa.

Wannan batu bai yi nisa da ƙasar Hausa ba. Nijeriya tana cikin ƙasashen da tsargiya ta fi yawa a duniya, kuma irin da ya fi yaɗuwa a Arewa shi ne Schistosoma haematobium, mai zuba ƙwai a bangon mafitsara, wanda ke sa fitsarin jini. Madatsun ruwa da magudanan noman rani da kududdufan da yara ke iyo a ciki duk gidajen katantanwa ne. A wasu ƙauyuka cutar ta yi yawa har ana ɗaukar fitsarin jini alamar balagar ɗa namiji, alhali rauni ne da kan iya lalata mafitsara da ƙoda in ya daɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba yara maganin tsutsotsin hanji sau ɗaya a shekara inda masu cutar suka kai kashi 20 cikin 100, sau biyu inda suka wuce 50. Maimaitawar dole ce, domin ƙwayar tana kashe tsutsar da ke ciki ne kawai, ba ta hana sabuwa shiga muddin makaranta ba ta da masai da ruwan wanke hannu. Farazikwantel kuwa gwargwadon jikin yaro ake ba da shi, miligiram 40 ga kowane kilo, inda babu sikeli sai a tsayar da yaro jikin sandar awo mai alamomi a karanta yawan ƙwayoyin. Ana so kuma ya ci abinci tukuna, don maganin yana da ɗaci, yana kuma sa jiri da tashin zuciya in ciki babu kome.