Kokowar Amurka: kusan shekara 30 ana gardama a kan cinikin da ya watse a Monreyal

Masu kallon kokowar Amurka, wadda mu nan muke ce ma kac, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suke ce ma resilin, mutane ne masu son gardama. Amma cikin dukan gardandaminsu babu wadda ta daɗe kamar ta daren 9 ga watan Nuwamba na shekara ta 1997, lokacin da Bret Hart da Shawn Michaels suka gamu a birnin Monreyal na ƙasar Kanada. An yi finafinai na bin diddigi a kan wannan dare, an yi hira da kusan duk wanda yake wurin, har yau ba a rufe maganar ba. Mun ga ya dace mu kawo ma ƴan kasuwa labarin, domin in aka bi shi zuwa gindi, magana ce ta ubangida da yaronsa, da alkawarin da aka sa ma hannu.

Da farko sai mu gane wace irin kokowa ce. Ba irin tamu ba ce da ake neman takobi tun 1975, inda wanda ya sha ƙasa ya sha, ko Kantu ne ko Kadade. A kac, tun kafin a shiga fage mai kamfani ya riga ya yanke wanda zai yi nasara, ƴan kokowar biyu kuma su shirya yadda za su kai can ba tare da sun karya juna ba. Kamfanin WWF, wanda ya koma WWE a 2002, da bakinsa ya faɗi haka gaban ƴan majalisar jihar New Jersey a 1989: ya ce abin da yake yi nishaɗi ne, ba gasar motsa jiki ba. Dalili kuwa shi ne ya kuɓuta daga dokoki da harajin hukumar wasanni. Wato asirin da aka yi shekara da shekaru ana ɓoyewa, gudun biyan patanti ya sa aka tona shi.

To tunda an san shiri ne, me ake gardama a kai? A kan abin da ke faruwa bayan fage, inda ba a shirya komai ba.

Bret Hart ɗan Kanada ne, ɗan gado, mahaifinsa Stu Hart yana da kamfanin kokowa a garin Calgary. Shawn Michaels kuwa a jihar Texas ya tashi, gwani ne ƙwarai, amma a wancan zamani ko abokan aikinsa sun san shi da girman kai. A watan Maris na 1996 sun yi awa guda cur suna gwabzawa babu wanda ya kada wani, sai da aka ƙara lokaci Michaels ya karɓe ɗamarar zakara. Daga nan ƙiyayyar wasa ta soma zama ta gaske. A watan Yuni na 1997 sun ba hammata iska a ɗakin canza tufafi, ba kamara, ba ƴan kallo, har Bret ya tuge ma Michaels gashi.

Ga inda kuɗɗi suka shigo. A 1996 kamfanin WCW, na attajirin nan Ted Turner mai tashar CNN, ya taya Bret da kuɗɗi masu yawa. Bret ya ce albarka, ya zauna wurin ubangidansa Vince McMahon, suka sa hannu a kan yarjejeniya ta shekara 20. Shekara guda ba ta cika ba McMahon ya kira shi ya ce kasuwa ta ja baya, WCW ta kwashe masu kallo, ba zai iya biya ba, ya koma ya nemi waɗancan. Bret ya koma, ciniki ya faɗa a kan fiye da dala miliyon 2 kowace shekara (dalar Amurka muke nufi, ba tamu ta tamma biyar ba). Sai dai a lokacin ɗamarar kamfani tana ƙugunsa. McMahon na tsoron a maimaita mashi abin da ya faru a watan Disamba na 1995, ranar da zakarar mata ta WWF ta koma WCW, ta jefa ɗamarar cikin kwandon shara a gaban masu kallon tele. Ya ce lalle Bret ya faɗi a hannun Michaels a Monreyal. Bret ya ce ba zai faɗi ma wannan mutum ba, balle a ƙasarsa, kuma takardarsa ta ba shi ikon sa baki a kan yadda za a yi da shi cikin kwana 30 na ƙarshe. Aka daidaita cewa wasan zai watse da rikici, babu mai nasara, a warware maganar ɗamara daga baya.

Ana cikin wasa Michaels ya murɗe ma Bret ƙafafu da irin kamun da Bret ɗin ya shahara da shi. Bret bai ce ya sallama ba, amma alƙalin wasa Earl Hebner ya yi nuni, McMahon da ke bakin fage ya sa aka buga ƙararrawa. Bret ya tashi ya tofa ma ubangidansa yawu a fuska, ya farfasa na'urorin tele, daga baya a ɗaki ya kai mashi naushi har ido ya kumbura.

Abin da ya sa labarin bai mutu ba shi ne, wani mai shirya fim ɗan Kanada, Paul Jay, ya yi watanni yana bin Bret da kamara. Fim ɗinsa Wrestling with Shadows, wato kokowa da inuwa, ya fito a 1998. A ciki ana jin muryar McMahon da ta Bret suna daidaitawa kafin wasa, domin Bret na ɗauke da makirfo a jikinsa. Ana kuma ganin matar Bret ta tsare abokin Michaels, Triple H, tana tuhumarsa ido da ido, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana musu. Michaels ma ya rantse ba da shi aka ƙulla ba, sai bayan shekaru ya amsa cewa ya sani. Bret ya ce shi ma alƙalin wasa ya rantse mashi da ƴaƴansa cewa ba zai ci amanarsa ba.

Masu goyon bayan McMahon suna cewa ɗamara kayan shago ce. Yaron da ya sallami ubangidansa zai koma wurin abokin gasa, ba shi ne zai zaɓi ranar da zai miƙa makulli ba. Al'adar sana'ar ma ita ce mai tafiya ya faɗi ma mai zama kafin ya fita. McMahon da kansa ya fito a tele ƴan kwanaki bayan abin, da tabon naushi a fuska, ya ce Bret ne ya cuci kansa. Masu goyon bayan Bret kuwa suna cewa yaron bai nemi tafiya ba, korarsa aka yi da dabara bayan ya ƙi kuɗɗin waje don amana. Mu dai a nan muka fi karkata. Ubangida na da haƙƙin karɓar kayansa, ba mu musa ba. Amma shi ya fara warware yarjejeniyar shekara 20, shi ya sa hannu a kan sharaɗin kwana 30, kuma shi ya dubi mutum ya ce an daidaita alhali ya riga ya shirya da alƙali. Dillalin da aka kama da irin wannan a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram, ba mu ga wanda zai sake ba shi ajiya ba.

Akwai kuma masu cewa duk abin shiri ne, har tofa yawun da naushin. Hujjarsu ita ce yaya aka yi kamara ta zo daidai, kuma McMahon ya ci riba mai yawa: ya mai da kansa mugun ubangida a cikin wasa, rikicinsa da Steve Austin ya dawo da masu kallo a 1998, a watan Maris na 2001 ya saye WCW ɗungurungum. Ribar gaskiya ce. Amma shiri da mutum biyu ake yi, kuma Bret bai ga alheri ba. WCW ba ta san yadda za ta yi da shi ba, harbin ƙafa da Goldberg ya yi mashi a ka a watan Disamba na 1999 ya kawo ƙarshen kokowarsa, a 2002 ya samu shanyewar ɓarin jiki. Sai a watan Janairu na 2010 ya yarda ya gaisa da Michaels a fage.

Wanda zai kalli waɗannan finafinai, yana da kyau ya tambayi wanda ya biya mai kamara. Tunda WWE ta saye WCW, tsofaffin kaset na kamfanonin biyu duk suna rumbunta. A 2005 ta soma shirin fim da zai zubar ma Bret mutunci. Da ya ji, sai ya yarda ya sa hannu cikin aikin, fim ɗin ya juye ya zama na yabo. Ultimate Warrior bai yi haka ba, a shekarar aka fitar da faifai guda ana yi mashi tsiya daga farko har ƙarshe. A 2014 suka shirya, kamfani ya karrama shi ranar 5 ga Afrilu, ya mutu ranar 8, sai ga sabon fim na jinjina daga kamfanin da ya zage shi. Hirar da aka haɗa Bret da Michaels a 2011 ma kamfanin ne ya shirya ya sayar. Masu kallo da yawa sun so ta, ana ganin dattijai biyu suna neman gafarar juna, amma ubangidan da ya sa aka buga ƙararrawa ba ya kan kujera ta uku.

Shi ya sa tsofaffin masu kallo suka fi girmama finafinan da ƴan waje suka yi. Beyond the Mat na 1999 ya nuna Mick Foley, hannuwansa ɗaure ta baya, The Rock ya buga mashi kujerar ƙarfe a ka har sau 11, matarsa da ƴaƴansa ƙanana suna sahun gaba suna kuka. Da aka nuna ma Foley hoton daga baya, kunya ta kama shi. Iyayenmu mata da ke ganin yara suna kwaikwayon wannan tsalle a tsakar gida, su sani cewa kujerar ta ƙarfe ce, jinin ma na gaske ne.

Jerin Dark Side of the Ring da ya soma a 2019 ya taɓo abin da ya fi zafi. Ranar 23 ga watan Mayu na 1999, Owen Hart, ƙanen Bret, ya faɗo daga rufin zauren wasa a birnin Kansas, tsawon kusan mita 24, lokacin da ake sauko da shi da igiya. Ya mutu a daren, kamfani kuma ya ci gaba da wasa. Matarsa Martha ta kai ƙara, a 2000 aka daidaita a kan dala miliyon 18. Ta ƙi yarda WWE ta karrama mijinta, abin da ya sa wasu masu kallo suka yi shekaru suna ganin laifinta, wai ta hana a tuna da gwani. Da ta yi bayani cikin fim ɗin a 2020, ta nuna ɗan ƙaramin maƙalin da aka rataya ran mijinta a kai, da yawa sun sauko daga wannan ra'ayi. Wasu kuma suna sukar jerin da cewa yana cin kasuwa da gawarwaki, kuma zargin ba na banza ba ne.

Ba duka gardandamin ke da nauyi haka ba. Karon Hulk Hogan da André, ƙaton nan ɗan Faransa, a watan Maris na 1987, kamfani ya ce mutum 93,173 suka shiga kallo, masu bincike suka ce wajen 78,000 ne. A fim ɗin da tashar HBO ta yi a 2018, Hogan ya ce har suka shiga fage bai tabbatar André zai yarda a kada shi ba. Masu kallon da suka san Hogan da ƙarin gishiri sai murmushi. André ya mutu a Paris a 1993, Hogan a watan Yuli na 2025.

McMahon kuwa ya sauka daga shugabanci a watan Janairu na 2024, bayan wata tsohuwar ma'aikaciya ta kai shi ƙara a kan lalata da cin zarafi, zargin da ya musanta. A watan Satumba na shekarar Netflix ta fitar da fim mai kashi 6 a kansa, Mr. McMahon. Tun kafin ya fito mutumin ya yi tir da shi, ya ce an karkatar da labarinsa. Wasu masu kallo suka ce an kwance mashi zani a kasuwa, wasu suka ce babu wani sabon abu a ciki, kuma an yi ma kamfanin sassauci. Waɗannan na biyu suna tunatar da cewa a watan Janairun nan na 2024 ne Netflix ta ƙulla cinikin shekara 10 da masu WWE, na fiye da dala miliyon dubu 5, don ta riƙa nuna wasannin kamfanin, kuma ta soma nunawa a watan Janairu na 2025.