Yadda Kwamfuta Ke Lissafin Ranakun Hutu Masu Sauyawa

Ma'aikacin da ke tsara jadawalin ranakun aiki a kwamfutar ofishin magajin garin Ollelewa, cikin Damargu, yana hulɗa da hutu iri uku.

Na farko ba ya motsi: 24 ga Afrilu, 3 ga Agusta da 18 ga Disamba. Sau ɗaya ake shigar da su.

Na biyu shi ne Litinin ɗin Ista. Ista tana faɗowa ne a Lahadin da ta biyo bayan cikar wata ta farko daga 21 ga Maris, tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Ƙa'idar lissafi ce, kwamfuta na iya fitar da ita shekaru masu yawa gaba.

Na uku ya fi wuya: Ƙaramar Salla, Layya da Maulidi. Shekarar Hijira kwana 354 ko 355 ce, shi ya sa sukan matso da kusan kwana 11 kowace shekara. A 2000 an yi Ƙaramar Salla sau biyu, a Janairu da Disamba. Saboda haka ana shigar da ranar a matsayin hasashe, a gyara ta bayan an ga wata kuma hukuma ta sanar daga Yamai.