Bayani A Kan Ƙunar Bakin Ganye A Lambunan Ƙasar Yawuri

A sani, tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, ruwa ya ci tsibirai masu yawa, Gungawa suka tashi suka koma gaɓa. A bakin tafkin nan, daga Ngaski zuwa Yelwa, da gaɓar kogi har Shanga, akwai lambuna inda akan dasa lalle da zogale da shuwaka. Sau da yawa mai lambu kan wayi gari ya tarar bakin ganye ya yi ja ya bushe, kamar wuta ta lashe shi. Sai ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ban ruwa. Daga nan hasara take farawa.

Dalili kuwa, bakin ganye ya fi ko'ina nisa da saiwa, saboda haka shi ke fara ƙonewa kadan ruwa ya kasa kaiwa gare shi. Abubuwan da ke hana ruwa kaiwa uku ne.

Na fari, hunturu, watau iska tana busar da ganye fiye da yadda saiwa ke iya shayar da shi.

Na biyu, yawan ruwa. Kogin Kwara cika biyu yake yi a shekara: farin ruwa na damina, da baƙin ruwa mai tasowa daga duwatsun ƙasar Gini, wanda ke isowa wajen Disamba zuwa Fabrairu, tsakiyar hunturu. Sa'an nan ƙasar gaɓa takan jiƙe, saiwa ta rasa iska ta ruɓe, itace ya mutu da ƙishi alhali yana tsaye cikin ruwa.

Na uku, takin zamani in ya yi yawa, domin gishirinsa yakan hana saiwa shan ruwa.

To, tun da alama ɗaya ce cuta uku, kada a yanke hukunci da ganin ganye. A tona gindi rabin kamu. In ƙasa ta bushe, a shayar da safe, a rufe gindi da ciyawa. In ta yi caɓi, saiwa ta yi baƙi tana wari, a tsai da ban ruwa, a haƙa magudana. In an ga fari-fari bisa ƙasa bayan zuba taki, a kwarara ruwa ya wanke shi.

Ganyen da ya ƙone ba ya komawa kore, falke kuwa ba ya sayensa da daraja. Sabon toho shi ke nuna an dace da magani. Tamat.