Binciken masana da farashin tiyar hatsi a kasuwar Filinge

Duk wanda ke cin kasuwar Filinge ranar Lahadi ya san ba mai awo ke yanka wa tiya farashi ba, damana ce. In ruwa ya sauka da wuri ya ɗore, hatsi ya yi araha. In ya tsaya lokacin da gero ke fidda kai, sai buhu ya gagari talaka. Mun ga haka a 1973 da 1984, mun sake gani a 2005 bayan fari da farin dango. A 2024 kuma ruwan ne ya yi yawa, ambaliya ta kashe ɗaruruwan mutane a Nijar. Wannan rikicewar damana ita ce masana ke kira sauyin yanayi.

To, me bincike ya tanadar wa ƙasar Kurfai?

Na farko iri ne. Cibiyar INRAN, da aka kafa a 1975, ta yaɗa geron HKP mai saurin nuna. A 2018 kuma aka fitar da geron Chakti, aikin masanan ICRISAT masu tasha a Sadore kusa da Yamai. Yana nuna cikin wata biyu da ƴan kwanaki, kuma yana da yawan sinadarin da ke ƙara jini, abin da mata masu ciki da yara ke buƙata. Manomin da ya shuka irin wannan yana girbi ko ruwa ya ɗauke da wuri, sabon hatsi ya shigo kasuwa tun tsohon bai ƙare ba.

Na biyu gyaran ƙasa. Tassa da rabin wata ramuka ne da ake haƙawa a kan fako, a zuba taki, su tare ruwan da ke gudu ya tsaya ya shiga ƙasa. Akwai kuma sassabe na zamani, wanda ya samo asali a jihar Maraɗi wajen 1983: maimakon a sare toho, sai a bar rassa masu ƙarfi su girma. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Ga gawo mai ƙara wa gona taki, ga itacen girki kusa da gida.

Kiwo ma yana da rabonsa. Tashar Tukunus da ke arewacin Filinge ta yi suna wajen zaɓen shanun Azawak, masu jure rani da ba da nono. Masu sayar da nono da cuku sun san darajarsu. A Dallol Bosso kuma, inda ruwa ba ya da zurfi, famfo mai aiki da hasken rana na rage wa masu lambu kuɗin mai.

Wanda ya fi shafar ɗan kasuwa kai tsaye shi ne hasashen damana. Kowace shekara kafin shuka, cibiyar AGRHYMET ta Yamai, mai aiki tun 1974, tana haɗuwa da hukumomin yanayi su faɗi ko ana sa ran ruwa mai yawa ko kaɗan, da wuri ko a makare. Hasashe ne, gaibu sai Allah. Amma wanda ya saurare shi a rediyo ya san ko zai ajiye kaya ko zai sake su.

Iyayenmu mata masu awo, ku ne manomi ke fara zuwa wurinku ranar da yake neman iri. Ku ware irin shuka daban da hatsin tuwo, ku tambayi malaman gona wanda ya dace da ƙasarmu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: in aka sayar da iri maras kyau a watan shuka, mu duka za mu biya kuɗinsa da bazara.